Tayar Sanyi: Zuwanmu Maraɗi da Alhaji Idi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar hatsi a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har wani ɗan'uwana na Mahuta ya kira ni a waya wai in gaya masa ko gaskiya ne burodin mutanen can ya kai tsawon sandar makiyayi. Kowa kuma in ya gama kewaye-kewayensa sai ya sauka a kan Alhaji Idi, wai me ya same shi a can. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na nemi izininsa, na zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Wanda bai san Alhaji Idi ba, abokina ne tun muna kiwon awaki a bayan unguwa. Dillalin auduga ne shekara da shekaru a nan Funtuwa, kuma manoma sun san shi da abu guda: in ya ce buhunka kaza ne a sikeli, to kaza ɗin ne, ba ka bukatar leƙawa. Da kasuwar auduga ta mutu sai ya koma gida ya zauna, daga gona sai masallaci. Zaman bai karɓe shi ba. Bara ya rufe ido ya sayar da masararsa kaf, ya haɗa da 'yar gonarsa ta gefen hanyar Bakori, ya buɗe shagon taya. Mutum mai shekaru irin namu in ya faɗi a kasuwa karo na biyu ba kasafai yake tashi ba, kuma shi ma ya san haka. Duk abin da ya rage masa a duniya, jari da suna, yana cikin shagon nan.

Kayan farko ya same su ne daga wani ɗan kasuwar Maraɗi da suka haɗu a wurin ɗaurin aure a Katsina. Tayoyi sababbi fil, da gashinsu, ga araha kamar an tsinto. Mutumin ya ce masa tayar sanyi ce. Alhaji Idi ya riƙe kalmar nan gam. Duk wanda ya shigo shago sai ya yi masa bayani: ita wannan ba ta ɗaukar zafi, kana gudu a kan kwalta tana sanyaya kanta. Har hujja gare shi. A gefen kowace taya akwai ɗan zane, wani tudu mai kai uku, a cikinsa wani abu mai rassa. Ya ce ai wannan auduga ce ta buɗe a kan kara, alamar laushi da sanyi, shi da ya ƙare rayuwarsa a cikin auduga ba za a gaya masa ba. Na duba, wallahi na ga auduga. Direbobin haya suka duba, su ma suka ga auduga.

Ni kuwa kowa ya san halina a kan motata. 'Yar ƙaramar mota ce, ta kwana biyu, amma ba na yarda ko jikana ya jingina da ita. Na daɗe ina neman taya mai riƙe hanya, wadda ba za ta bar aljihuna fayau ba, sai ga abokina da tasa. Na sa guda huɗu. Da ya zo ya ce in kai shi Maraɗi ya ɗauko kaya na biyu da ragowar kuɗin da ke hannunsa, ya ce in mun je mun dawo a kan tayoyin nan cikin tsakiyar bazara, ai talla ta gama yin kanta. Na ce to, amma ba za a ci gyaɗa a cikin motata ba.

Muka tashi da sassafe. Maiɗakina Hajiya Rabi ta cika mana roba da dambun nama, ta leƙo ta taga ta ce wa Alhaji, “Ka riƙa yi masa hira, in aka bar shi shiru da sitiyari yake magana.” Har Malumfashi tafiyar kamar a kan katifa, ko ramin hanya ba ka ji. Muka tsaya muka sha koko da ƙosai, Alhaji na ta kallon ƙafafun motocin mutane yana girgiza kai, wai duk waɗannan suna bukatarsa ba su sani ba.

Da rana ta ɗaga, mun wuce Dayi, sai na fara jin wani abu. In na karya kwana, sitiyari ya juya amma motar sai ta yi ɗan tunani kafin ta bi. In na ƙara wuta ta riƙa lilo kamar jirgin kwale-kwale. Na yi shiru da bakina don kada in ɓata wa mutum rai. Gab da Kankiya wani garken shanu ya faɗo hanya, na taka birki tun daga nesa, inda na saba takawa. Motar ta ci gaba da tafiya. Sai da ta kai hancinta kusa da cinyar wani maraƙi sannan ta tsaya. Makiyayin ya dube mu, ya dubi maraƙinsa, ya kaɗa shi ya wuce bai ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo.

“Birkinka ne, Malam Lawal,” in ji Alhaji Idi.

Na ce, “Alhaji, ka kushe miyar gidana in kana so, amma ka bar birkina. Makon jiya aka duba shi.”

Muka gangara gefe muka fito. Wani wari na tashi kamar ana ƙona roba a bola. Alhaji ya naɗe hannun riga ya ɗora tafinsa a kan taya don ya nuna mini, ya janye da sauri yana yarfewa. Na zuba masa ido. Ya gyara hula ya ce, “Sanyin a ciki yake. Kamar kankana.” Na yi dariya har da riƙe ƙofa, shi ma ya yi, amma daga nan ban ƙara barin allurar gudu ta yi nisa ba.

A Katsina ba mu daɗe ba, mai kawai muka sha, don kowa ya san hanyar Jibiya da rana tsaka ake bin ta. Shingaye kuwa ba a magana. Ka tsaya ka gaisa, ka motsa kaɗan ka sake tsayawa ka sake gaisawa, har bakina ya gaji da “sannunku da aiki”. A bakin iyaka ɓangarenmu aka duba takardun mota aka sallame mu. Ɓangaren Nijar muka tarar mai buga hatimi ya tafi hutun tsakar rana. Su can wannan hutun ba wasa ba ne, doka ce, ko gwamna ne kai sai ka jira. Muka yi Azahar muka zauna a ƙarƙashin dogon yaro tare da wasu mata masu tallar fura. Furar gero ce zalla da nono mai kauri, ba irin wadda ake tsinka mana da ruwa ba. Na sha ludayi na farko na fara jin haushin masu furar garinmu.

Kafin mu taso wani ya koya wa Alhaji kalma ɗaya ta Faransanci, wai in an yi maka magana ka ce “wi”. Da jandarma, wato ɗan sandansu, ya zo, dogo siriri, ya yi mana wani dogon yare, Alhaji ya ce wi. Ya ƙara wani, Alhaji ya ce wi. Sai ga shi an ce mu buɗe but, mu fito da komai. Ashe tambayarsa ya yi ko muna ɗauke da kayan da ya kamata a bincika. Aka baje tabarma da buta da jakar tufafi da robar dambu a ƙasa. Jandarman ya buɗe robar, ya shinshina, ya dube mu ya ce da Hausa tsantsa, “Alhaji, mi ya hana ka yi mini Hausa tun ɗazu? Ni ɗan Madarunfa ne.” Muka ɗiba masa dambu a takarda. Ya tambayi abin kashe gobara da ɗan kusurwa ukun nan mai ƙyalli da ake ajiyewa a hanya in mota ta lalace. Ina da su duka, na miƙa masa ina hura hanci, don shekara nawa ana yi mini dariya a kan ɗaukar su.

Mun shiga Maraɗi bayan La'asar. Masaukinmu gidan wani ɗan kawun matar Alhaji ne, tsohon malamin makaranta. Muka yi ta tambayar gidan Malam Isufu a unguwar da aka kwatanta mana, ba wanda ya gane. Masu babur ɗin haya, waɗanda su suke kira kabu-kabu, kowa ya ɗaga kafaɗa. Can wata mai suyar awara ta ce, “Au, Mushe Isuhu kuke biɗa? Ga gidanai can.” Na ce innalillahi, yaushe ya rasu, kuma wace irin magana ce wannan a kan mamaci? Matar ta saki matsami tana dariya. Ashe can duk malamin boko haka ake kiransa, girmamawa ce daga bakin Faransa. Mutumin ya fito da ransa da lafiyarsa, ga tumbi, ya ce ai ya saba, duk baƙon Nijeriya sai ya yi masa ta'aziyyar kansa.

Mushe Isufu mutum ne mai raha. Ya ba mu ɗakin zaure, amma zafi ya sa muka fito da katifu tsakar gida. Aka kawo kwaɗon zogale da suke kira kopto, da tuwon gero, da gasasshen naman rago manyan yanka a takarda. Ya ce mu Katsinawan kudu masara ta lalata mu, mun manta ɗanɗanon gero, su ne Katsinawan asali. Na ce asalin da ba ya cika rumbu ai sai a bar muku. Sai shayi. Mu a gida kofi ɗaya ka kurɓe ka tashi. Su kuwa ɗan mitsitsin kofi ne, zagaye uku, kuma in ka miƙe bayan na farko ka yi rashin ladabi. Na farkon ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na daure don kada a ce ɗan Funtuwa rago ne.

Da safe aka kawo burodin da ake ta tambayata. E, dogo ne, kuma a hammata ake ɗauko shi ba leda, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Muna cikin fama da shi Mushe Isufu ya fita zagaya motata, don shi ma mai son mota ne. Na ga ya tsaya, ya durƙusa da ƙyar, ya sa tabarau.

“Wa ya sa muku wagga taya?”

Alhaji Idi ya ajiye kofi, ya fito da fara'arsa ta ɗan kasuwa. Ya yi masa bayanin sanyi, ya nuna masa audugar. Mushe Isufu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, a hankali, shi da yana saurayi an taɓa tura shi kwas wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi. Maigidan da ya zauna wurinsa sau biyu yake sauya tayoyi a shekara. Wannan zanen ba auduga ba ne. Dusar ƙanƙara ce, wadda ke sauko musu daga sama ta rufe hanya, tudun kuma dutse ne. Tayar sanyi ce da gaske, amma ma'anarta tayar lokacin sanyi. An yi robarta da laushi don kada ta daskare a ƙanƙara. In ka ɗora ta a kan kwaltarmu cikin bazara laushin ƙaruwa yake, ta riƙa cinyewa da wuri, birki ya yi nisa kafin ya kama. In kuma aka haɗa mata lodi da gudu da rana, ba abin mamaki ba ne ta fashe.

Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce, “Haba Malam, dubi rassan nan fa.” Ya durƙusa ya sake dubawa. Ya daɗe a durƙushe. Ya shafa gefen tayar, sai ga baƙin gari-gari a yatsunsa, tayar da ba ta yi wata guda a ƙafar mota ba.

“Ka saida da yawa?” in ji Mushe Isufu.

“Da yawa.”

“Ga masu motar gida?”

“Yawanci masu haya ne,” in ji Alhaji. Bai ƙara taɓa shayinsa ba.

Muka tafi wurin ɗan kasuwar, wani babban sito a bayan kasuwa, tayoyi jere har rufi. Na shiga da shirin faɗa, don ni ba na iya haɗiye irin wannan. Amma mutumin ko gezau. Ya ce, “Alhaji, mi na ce maka ran da munka haɗu? Na ce ta sanyi ce. Ban ɓoye ba.” Kuma gaskiyarsa, haka ya ce. Ragowar kaya ne da ba su shige ba a ƙasashensu, ake turo su nan da araha. Shi a zatonsa duk mai sayar da taya ya san wannan. Kalma ɗaya ce, shi ya faɗe ta da nufinsa, abokina ya ji ta da nasa. Na rasa wanda zan kama da faɗa, abin ya ƙara ba ni haushi.

Da ya ga yadda fuskar Alhaji ta koma, sai ya sassauta murya. Ya ce akwai sauran irinsu da yawa, zai ƙara yi masa ragi. Mutane na saye, masu amalanke na saye, masu yawo cikin gari na saye. “Ba sai ka ce komi ba. Ka bar zancen sanyi, ka ce taya ce, ga kuɗinta.” Alhaji Idi ya zauna a kan wani benci ya zuba wa ƙasa ido. Na san abin da ke gabansa. In ya karɓi tayin nan shagonsa ya tsaya da ƙafafunsa. In ya ƙi, kuɗin da ya zo da su ba za su sayi ko rabin yawan kayan da ya yi niyya ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na kasa kallonsa.

Don in ba shi wuri, na ce to ni dai a sauya mini nawa, ba zan koma gida a kan kankana ba. Nan na koyi sayen taya da furfurata. Mushe Isufu da mai siton suka riƙa jawo su ɗaya-ɗaya. Ta ƙasa mai zafi ba ta da zanen nan. Fuskarta ba ta da ƙananan tsage-tsage masu yawa kamar kitso, sai manyan kwaruruka dogaye da ke korar ruwa in damina ta zo. In ka danna farce za ka ji ta da tauri. Suka nuna mini lambobi huɗu a gefe masu faɗin mako da shekarar da aka yi ta, don taya ko ba a taɓa hawanta ba tana tsufa a ajiye. Suka nuna mini inda ake rubuta juriyar zafi, suka ce in nemi mai harafin A. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da take ɗauka, da lambar girma, wadda dole ta dace da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Shekara nawa ina goge ƙofar nan ban taɓa karanta shi ba.

Tayoyi masu manyan suna na nan, kuɗinsu kuwa sai ka sayar da sa. Akwai na can ƙasa, masu arahar da ke sa mutum zargi. Na tsaya a tsakiya: wata marar suna sosai, sabuwar fitowa, mai harafin A, girmanta daidai. Na tambayi yadda ake kiran irinta. Mai sito ya ce a bakin Turawa tayar lokacin zafi ce. Na ce to ka ga inda aka kashe mu. Wa zai shiga shago a Funtuwa cikin bazara ya ce a ba shi tayar zafi? Muka yi ciniki, na ja ya ja, har ya ce da ya san haka 'yan Funtuwa suke da bai je ɗaurin auren nan ba. Tsofaffin nawa na bar wa mai facin da ya ɗaura, ya ce guga da takalma za a yanka da su.

Ina cikin duba iska sai na ji muryar Alhaji a bayana yana cewa a fito masa da irin tawa, girma kaza da girma kaza, har iya kuɗin da ya zo da su. Bai yi ciniki mai tsawo ba, shi da ke iya yini a kan farashin buhu ɗaya. Muka cusa wasu a but, wasu a kujerar baya, sauran aka ce babbar mota za ta kawo. Na buɗe baki zan yi magana a kan kujeruna, na dubi fuskarsa, na rufe.

Washegari muka yi sallama da Mushe Isufu, ya cika mu da kilishi da dogon burodi na kai wa yara. A iyaka aka duba kayan aka ga sababbi ne, aka biya abin da doka ta ce, jandarmanmu na Madarunfa ya ɗago mana hannu yana tambayar ko akwai sauran dambu. Motar kuwa ta zama wata daban. Ka juya ta juya, ka taka ta tsaya. Da a ce ni kaɗai ne da har waƙa zan yi. Amma Alhaji tun daga garin Ɗan Isa na bakin iyaka har muka wuce Katsina carbi kawai yake ja. Na yi masa zancen farashin taki, ya ce uhm. Na yi masa zancen shayin mutanen nan, ya ce uhm. A raina na gama tsara masa yadda za a yi: sababbin nan ya sayar da riba, ragowar na sanyin ya bai wa masu amalanke, waɗanda suka riga suka saya kuma a bar su da addu'a. Ban faɗa ba, amma haka na tsara, kuma na ɗauka shi ma lissafin da yake yi ke nan.

Da muka shigo Malumfashi rana ta fara sanyi. Ina shirin wucewa sai ya ce, “Shiga tasha.”

Na ce, “Alhaji, gida fa ya kusa.”

“Shiga dai.”

A layin motocin Kano akwai wata doguwar mota ta cika taf, buhuna a sama, fasinja har an rufe ƙofa. Direban, wani matashi da ake kira Ɗanlami, yana karɓar takarda zai tashi. Yana ganin Alhaji ya taho da murna ya rusuna. “Baba Alhaji, sannu da zuwa. Tayoyinka fa sai godiya, laushi kamar me. Har na turo maka mutum biyu.”

Alhaji ya ce, “Kashe motar, Ɗanlami.”

Alhaji bai ja shi gefe ba, bai rage murya ba. A gaban 'yan kamasho da masu talla da fasinja ya ce masa tayoyin da ya sayar masa ba na ƙasar nan ba ne, na ƙasar ƙanƙara ne, abin da ya gaya masa a kansu ba haka yake ba, kuma ba zai bar shi ya hau hanyar Kano da rayukan mutane a kansu ba. Ya juyo ya ce in buɗe but. Ya sa aka kira mai faci.

Fasinja suka fara gunaguni, don sai da kowa ya sauko. Wata tsohuwa mai goye da jikanta ta ce wai wane ne ya tsare su, ita asibiti za ta da yaro gobe da safe. Alhaji ya matsa kusa da ita ya ce, “Ni ne, Inna. Na sayar masa da abin da ban sani ba. Ki yi mini haƙuri kaɗan.” Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara goyonta, ta nemi inuwa ta zauna.

Ɗanlami ya biyo shi yana sosa ƙeya. “Baba, ni fa yanzu ba ni da kuɗin ciko. Waɗannan ai sun fi tsada.”

“Wa ya tambaye ka ciko?”

A nan na gane abin da ya saya a Maraɗi. Ba kayan shago ba ne. Girma kaza da girma kaza da na ji yana faɗa, motocin mutanen da ya sayar wa yake bi ɗaya bayan ɗaya a kansa. Kowace taya da ta fita daga but ɗin nan jarinsa ce ke fita, ba kuma za ta dawo ba. Masarar ta tafi, gonar hanyar Bakori ta tafi, shagon ma na san ba zai kai damina ba. Na ji kunyar lissafin da na yi ta yi masa a hanya, na kuma ji wani irin girmansa da ban taɓa ji ba duk tsawon zamanmu.

Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Duk tayar da aka cire shi da kansa yake gangara ta zuwa bayan motata, kada wani ya ɗauka ya sake ɗaurawa. 'Yan tasha suka yi cirko-cirko suna kallon dattijo da furfura yana tura taya. Wani ya zo zai karɓa, ya ce a bar shi. Da aka gama Ɗanlami ya loda mutanensa, ya zo ya durƙusa zai yi magana, Alhaji ya ce ya tashi rana na faɗuwa, kuma ya riƙa duba iska da safe kafin ya ɗau hanya.

Muka tsaya har motar ta fice daga tasha. Alhaji ya nemi ruwa a buta ya wanke hannuwansa, baƙin bai fita duka ba. Ya shigo ya zauna, ya ja ƙofa, ya yi ajiyar zuciya. Na tayar da mota.

“Malam Lawal,” ya ce, “kana da mai?”

Na ce akwai.

“To gobe ka fito da wuri. Akwai mutum uku a Dandume.”